Matuƙan da Ba Su Iya Cewa Sun Gaji

Zuwa ga Shugaban Matuƙa na kamfanin jiragen saman da ɗana yake yi wa aiki, ta hannun jarida, domin matuƙan da ke ƙarƙashinsa su karanta tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Kaftin, ina gaishe ka gaisuwa ta mutunci, tare da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Allah ya ƙara girma, ya tsare ka a sama da ƙasa.

Ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta sunan kamfaninku ba. Kada ka ɗauka tsoro ne. Kai ka san kanka, yaranka sun san ka, sauran jama'a kuwa ba fuskarka nake so su gani ba, yadda ake aiki a wurinku nake so su gani. Dominsu zan faɗi ko ni wace ce. Ni malamar sakandare ce a Samaru, matar marigayi abokinka wanda kuka tashi tare a Sabon Gari, kuma uwar ɗaya daga cikin matasan da ke zama a kujerar dama ta jiragenku, wato mataimakan matuƙa.

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, ka zo gidana da turmin atamfa da kwalbar zuma. Ka zauna a kujerar da Malam yake zama, ka yi masa addu'a, ka tambayi hawan jinina. Sai da na kawo maka ruwa sannan ka fito da abin da ya kawo ka. Ka ce a ƙarshen watan nan matuƙanku za su taru su yanke shawara ko za su shiga ƙungiyar ƙwadago ko ba za su shiga ba, kuma ka ji ana cewa ɗana ya fara sauraron masu zuga. Ka ce, "Hajiya, ki ja masa kunne, maganarki yake ji. Wurinmu gida ne na uba da 'ya'ya, ba mu buƙatar baƙo a tsakaninmu." Na ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Ka tashi kana murmushi, alamar ka ɗauka na amince. Ban amince ba. Abin da mace ke faɗa wa baƙon da ke zaune a falonta na faɗa maka. Zumar na raba wa maƙwabta, atamfar na aika wa Hajiyarka cikin ledarta. Amsar kuwa ga ta nan, a inda iyayen sauran yaran za su gan ta, tunda na ji ba gidana kaɗai ka je ba.

Kafin na shiga magana, ba zan ɓoye alherinka ba. Da Malam ya rasu, kai ka riƙe hannun yaron nan. Kai ka nuna masa hanyar koyon tuƙi, kai ka tsaya masa har aka ɗauke shi aiki, kai ka karɓa masa aure, kuma sunanka ya sa wa ɗansa na fari. Duk wannan gaskiya ne, ina faɗarsa a gaban kowa. Sai dai a cikin alherin nan ne matsalar take, ka yi haƙuri ka bi ni.

Na farko, abin da na gani da idona.

A cikin daminar nan ya zo gida hutu. Bayan azahar ya ce zai kai motata wanki, ya ɗauki mukulli ya fita tsakar gida. Na ci gaba da duba littattafan ɗalibaina. Can na lura ban ji ƙarar mota ba, ban ji an buɗe ƙofar gida ba. Na leƙa. Motar tana nan a gindin darbejiya inda take, a kashe, gilasai a rufe ruf. Yana ciki, ya ɗaura bel. Idonsa a buɗe, yana kallon katangar gidana kamar akwai nisan duniya a bayanta. Hannunsa ɗaya a kan sitiyari, ɗayan a kan giya, yana jan ta baya a hankali. Bakinsa yana motsi.

Na matsa na kara kunnena a gilashi. Turanci yake yi, da wata murya shimfiɗaɗɗiya wadda ba tasa ba. Zai faɗi lambobi, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, ya gyaɗa kai, ya maimaita abin da aka ce masa. Babu kowa a motar sai shi. Na buga gilashin. Ya juyo ya dube ni. Kaftin, na sha shiga wankan gawar mata a unguwarmu, na san yadda ido yake idan babu kowa a bayansa. Irin wannan idon ɗana ya dube ni da shi, da rana tsaka, kaji suna kiwo a gefen taya.

Bai gan ni ba. Ya mayar da kansa ga katanga, ya ci gaba, har ya sauke jirginsa. Na ga kafaɗunsa sun saki. Ya ɗaga hannu sama yana kashe maɓallan da babu su a rufin motata, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Sannan ya ja numfashi, ya sake juyowa, wannan karon shi ne. Ya sauke gilashi ya ce, "Mama, yaushe kika shigo? Ai da kin faɗa mini da na sa an ba ki kujerar taga."

Maƙwabciyata da na ba labari ta ce iska ce, a nemi malami ya yi masa karatu. Mijin wata abokiyar aikina likita ne, ya saurare ni har na gama ya ce barci ne. Ya ce idan aka daɗe ana hana jiki barci, sai ya riƙa satarsa ido a buɗe, mutum yana zaune, yana magana, ko yana tuƙi. Wallahi na so a ce maƙwabciyata ce mai gaskiya. Aljani ana yi masa karatu ya fita. Da na kira matar ɗana a Abuja, sai ta fashe da kuka. Ta ce ta daɗe tana gani, wani lokaci da loma a hannunsa, ta rasa wanda za ta faɗa wa.

Na biyu, abin da ya faɗa mini da na matsa masa.

Na san abin da wannan sashe zai iya jawo masa, na kuma auna kafin na rubuta. Ya ce wata rana sun fara aiki tun kafin asuba, suna tashi suna sauka daga wannan gari zuwa wancan, har ya kamata su ajiye. Sai aka ƙara musu zango ɗaya. Sama fes, babu hadari, babu iska. Abin da yake iya tunawa shi ne kaftin ɗin da ke kujerar hagu ya nemi a kawo masa shayi. Abu na gaba da ya sani, wata murya ce a kunnensa tana kiran lambar jirginsu, tana sake kira, tana sake kira, kuma muryar ta tashi daga muryar mai aiki ta koma muryar mai tsoro. Ya buɗe ido. Kaftin ɗin jirgin yana gefensa, haɓarsa a kan ƙirji, shayi ya huce a kofi. Ya duba ƙasa bai ga garin da za su sauka ba. Garin yana bayansu. Daji ne kawai a shimfiɗe, wanda babu wanda ya gane shi a cikinsu.

Jirgin kuwa yana tafiyarsa lafiya lau, a miƙe, na'urar da ke tuƙa shi tana aikinta. A bayan ƙofa mutane ne cike, sun ɗora jakunkuna a cinya suna jiran sauka. Wata tana shayar da jariri. Babu wanda ya san cewa na wani lokaci, wanda har yau ɗana bai san tsawonsa ba, suna rataye a sararin Allah babu mai rai ko ɗaya da ke farke a gabansu.

Suka juya, suka ce wa masu hasumiyar filin jirgi rediyo ne ya ba su matsala, suka sauka. Fasinjoji suna fita suna cewa sannunku da aiki. Wani dattijo ya kama hannun ɗana da hannu biyu ya sa masa albarka, ya ce bai taɓa shiga jirgin da ya yi tafiya mai laushi irin wannan ba. Ɗana ya ce tun daga ranar, albarkar dattijon nan ce take hana shi cin abinci.

Kafin ya kai masauki ka kira shi. Ka tambayi lafiyata, ka tambayi matarsa, ka tambayi takwaranka ko ya fara rarrafe. Sannan ka ce, "Ɗana, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, Baba." Ka ce madalla, gobe da sassafe akwai tafiya, wane ba shi da lafiya.

Mu mutanen Samaru da Palladan mun saba da ƙarar ƙananan jiragen 'yan koyo a kanmu. A cikin darasinsu akwai wanda ake rage wa inji ƙarfi har ƙarar ta ɗauke, jirgi ya yi ta zamewa shiru, can kuma ta dawo. Na yi rayuwata a ƙarƙashin wannan shirun ban taɓa ɗaga kai ba. Yanzu idan ƙarar ta ɗauke ina cikin aji, sai na tsaya da alli a hannu, maganar da nake yi ta tsaya a bakina, har sai ta dawo. Ɗalibaina sun lura. Su ma sun fara yin shiru tare da ni, ba su san dalili ba.

Na uku, yadda kuke aiki.

Kamfaninku yana da ofis mai tsara wa kowa ranakun tashi da na hutu. Akwai kuma dokar da ta ƙayyade tsawon aikin matuƙi da hutun da dole a ba shi, a bayyane take ga duk mai son karantawa, na kuwa karanta. Idan ofishin nan ne ya kira, yaro yana iya cewa sa'o'insa sun cika, domin mai kiran tsaransa ne, tare suke cin abinci. Saboda haka duk ranar da kuka rasa mutum, ofis ba ya kira. Kai kake kira.

Ba ka ba da umarni. Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Gaisuwa kake yi. To ina tambayarka, tunda kai ma a nan aka haife ka: wane ɗa ne a ƙasar nan dattijon da ya karɓa masa aure zai tambaye shi gajiya ya amsa da cewa akwai ta? Ko kaya ya ɗauko a ka tun daga kasuwar Sabon Gari har Samaru, yana haki, ba gajiya zai ce. Haka muka rene su, kuma ban yi nadama ba. A zaure da masallaci da gidan suruki wannan hali ado ne. Kai ne ka ɗauke shi daga inda yake ado ka kai shi inda yake kisa. Kusan duk matasan da ke ƙarƙashinka ta hannunka suka shigo. Wannan ka biya masa kuɗin jarrabawa, wancan ka roƙa masa gurbi, wancan ka je ta'aziyyar mahaifinsa. Duk Baba suke ce maka. Babu ɗaya a cikinsu da harshensa zai iya juyawa ya ce maka a'a, kai ma ka san da haka, shi ya sa kake karɓe wayar daga hannun ofis.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ran da abin da muke gudu ya faru, Allah ya kiyaye, za ka tsaya a gaban hukuma ka rantse cewa da bakinka ka tambaye shi ya ce bai gaji ba. Kuma ba ƙarya za ka yi ba.

Hutun da kuke rubuta musu ma na gan shi. Rabinsa yana ƙarewa a hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya. Sauran kuma kuna kiransa jiran kira, wai mutum yana gida amma kada wayarsa ta mutu, kada ya yi nisa. Ɗana da waya yake shiga wanka. A gefen darduma yake ajiye ta, fuskarta a sama. Na ga ranar da ta yi haske yana zaman tahiya, na ga yadda ya yi sallama kamar wanda ake kora. Mai sayar da katin waya ne ya turo talla.

Na huɗu, Kaftin Ishaya.

Da izinin matarsa na ambace shi. Shi kaɗai na sani da ya taɓa ba ka wata amsa daban. Dattijo ne, ba kai ka koya masa tuƙi ba, ba ka da wani alheri a wuyansa. Da ka kira shi irin wannan kiran, sai ya ce, "Oga, gaskiya na gaji, ba zan ɗauki rayukan mutane gobe ba." Ka ce babu komai, Allah ya huta gajiya, ya je ya huta. Ba a ba shi takardar tuhuma ba, ba a kore shi ba, ba a yi masa ko kallon banza ba. Wayarsa ce kawai ba ta sake ƙara ba.

Matarsa Saratu tana sayar da kwanuka da tukwane a kasuwar Sabon Gari, a wurinta nake saye tun yaranmu suna ƙanana. Wata rana da hantsi ta rufe rumfa ta ce in zo in gani, don ta gaji da bayani. Muka hau keke zuwa gidansu a Unguwar Gabas. Yana zaune a falo cikin farar riga mai guga, da igiyoyinsa a kafaɗa, takalmi yana ƙyalli, jakar tafiya a gefen ƙafarsa. Waya tana kan tebur a jikin caji. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi makaranta, ya tambayi ɗana da sunansa, duk bai ɗauke ido daga kan wayar ba. Labule a sauke, fanka a kashe don kada ƙararta ta danne ƙarar kira. Agogon bango kaɗai ke motsi a ɗakin.

Saratu ta ce haka yake yi kullum tun bara, daga safe har rana ta faɗi, sannan ya cire kayan ya rataye, gobe ya sake gogewa. A takardarku har yanzu yana jiran kira ne, saboda haka ba zai bar gari ba. Ba ku sallame shi ba, saboda haka ba zai nemi wani wurin ba. Lasisin matuƙi kuwa da tashi yake rayuwa, nasa yana mutuwa a hankali a cikin jakar nan. Ranar Lahadi ma a bakin ƙofar coci yake zama, waya a tafin hannu. Da muka fito ta raka ni bakin titi ta ce, "Malama, da korarsa suka yi, da mun yi kuka mun share hawaye. Wannan fa gawa ce aka hana mu binnewa, kullum sai na dafa mata abinci."

Matasan matuƙan da suke cika gidan nan da Kirsimeti suna cin shinkafarta, Musulminsu da Kiristansu, yanzu ko sunansa ba su kamawa. Mutumin Sabon Gari suke cewa, su rage murya. Kowane matuƙi a kamfaninku ya san falon nan, ko bai taɓa shiga ba. Ba ka buƙatar yi wa kowa barazana, Kaftin. Ka riga ka zaunar da ita a kujera ka sa mata farar riga.

Na biyar, hujjojinka a kan ƙungiya.

Ka ce ƙungiya yajin aiki take kawowa. Ka ce shugabanninta cin kuɗin mambobi suke yi su yi ƙiba. Ka ce kamfaninku ƙarami ne, jirage kaɗan gare ku, girgiza ɗaya za ta kayar da shi, kuma ga matasa nan a Palladan da takardar tuƙi a akwati suna gyaran waya. Ban ce ƙarya kake yi ba. Ni malama ce, a cikin ƙungiya na yi duk aikina, na zagi shugabanninmu a taro har aka kashe mini makirufo. A Samaru nake zaune, inda yajin aiki ke mayar da unguwa kufai, masu abinci su kife tukwane, masu keke su yi ta barci a inuwa. Ba ni za a koya wa sharrin ƙungiya ba.

Amma ka ce baƙuwa ce, kuma a nan ka faɗi amfaninta da bakinka. Baƙo muke nema. Muna neman wanda ba ka biya masa jarrabawa ba, wanda ba ka karɓa masa aure ba, wanda bai san sunan Hajiya ba balle ya tambayi lafiyarta. Wanda zai ɗaga waya ya ce sa'o'in yaron nan sun cika, ba zai tashi ba, ya kashe, ya ci gaba da shan shayinsa. Muna neman marar kunya guda ɗaya da za mu ɗauka haya, tunda namu 'ya'yan ba mu koya musu ba. Idan ƙungiyar ta lalace, ana iya sauke shugabanta a zaɓi wani. Uba fa, wa ke sauke shi?

Game da faɗuwar kamfani kuwa, idan ba zai iya tsayawa ba sai da matuƙa masu barci, to ya riga ya faɗi. Ƙasa ce kawai bai iso ba tukuna.

Na kuma ji yadda aka shirya taron. Wai da ɗaga hannu za a yi, kai kana zaune a gaba a matsayin uban taro, bayan an buɗe da addu'a an yi maka godiya. Kai ma ka san hannun da zai ɗagu a wannan ɗakin. Na ji ka je wurin mahaifin wani a Palladan, ka je wurin faston wani, ka je wurin surukin wani. Kana bin gidaje kana ɗaure hannayen tun kafin ranar.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A yi zaɓen nan a asirce, kowa ya jefa takardarsa shi kaɗai, kai kuma kada ka kasance a ɗakin, kada ka kasance a harabar. Idan bayan haka suka ce ba su son ƙungiya, na yarda, ra'ayinsu ne.

Ka daina kiran matuƙa da kanka a kan maganar aiki. Ka bar wa ofis. Idan kana son gaishe su, ka gaishe su ranar da ba ka neman komai a wurinsu.

Ka dubi Allah ka kira Kaftin Ishaya, ko ka mayar da shi aiki ko ka ba shi takardar sallama ya san inda ya nufa. Kowanne ka zaɓa ya fi abin da ake yi masa yanzu.

Ka bar iyaye su huta. Mu ba ma'aikatanku ba ne.

Hukumar da ke sa ido a kan jirage kuma, idan kun zo bincike, kada ku tsaya ga tambayar ko matuƙi ya ce ya gaji. Ku tambayi wanda ya tambaye shi, da abin da yake kiransa.

Ku kuma 'ya'yana matuƙa, ba ni da ƙuri'a a cikinku. Na san kuna da mata da yara da ƙanne a makaranta, na san abin da kuke tsoro. Abu ɗaya zan tuna muku. Kowannenku yana da irin labarin da ɗana ya ba ni, kowannenku kuma yana ɗauka shi kaɗai ne. Kafin ranar taro, ku tambayi juna, ba a gaban kowa ba.

Saura kai, ɗana. Ban taɓa kiran sunanka ba tun da aka raɗa maka shi, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ba ka san na rubuta wannan ba, tare da kowa za ka gani, na kuma san ranka zai ɓaci. Ka saurare ni. Alherin da Kaftin ya yi, ni ya yi wa. Ni ce na rasa miji, ni aka taimaka, nauyin a wuyana yake, ni zan amsa shi a gaban Allah. Kai babu komai a kanka. Ƙuri'arka taka ce, ka san ra'ayina, amma ba zan ce maka ga inda za ka jefa ta ba. Idan saboda takardar nan aikin ya tafi, ɗakinka yana nan, matarka da yaronka suna da wuri, tuwo bai taɓa yankewa a gidan nan ba.

Umarni ɗaya gare ni, kuma ban taɓa yi maka irinsa ba. Duk ranar da ka san idonka yana rufewa, ka kuma shiga jirgi ka tashi da 'ya'yan mutane, ban yafe ba. A gaban duniya na faɗa, don kada wani ya ce maka ban faɗa ba. Idan an kira ka harshenka ya yi nauyi, ba sai ka ce ka gaji ba. Ka ce uwarka ta hana.

Ranka ya daɗe Kaftin, ina roƙon Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi wa marayan abokinka. Allah ya ba ka zuciyar karɓar a'a daga bakin waɗanda ka rena. Allah ya sauke kowane jirgin da ke ƙarƙashinka lafiya, da mutum a farke a gabansa. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a ƙofar wata uwa kana neman ta inda za ka fara. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Samaru, Zariya.